Cika harsashin .223 Remington da hannunka

Malam, ka tambaya ko cika harsashi da kanka zai gyara saitin bindigarka mai cin harsashi samfurin .223 Remington wajen harbin dabbobin da ke ɓarna a gonakin Amurka. Zai iya gyarawa, muddin awonka na albarushi ya daidaita. Muhimmin ɓangare na aikin yana kan sikeli: albarushin kowane kwanso (wato gidan harsashin da ake zuba albarushi a ciki) ya zama nauyi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ka nemi littafin awon albarushi na kamfanin Hornady ko Lyman, ka fara daga mafi ƙarancin awon da suka rubuta. Don Allah kada ka ɗauki awon wani da ka ji a baki. Kwanso yana miƙewa bayan harbi. In tsawonsa ya wuce inci 1.760, datse shi zuwa 1.750. In kwanso ya fara wuyar fita daga bindiga bayan harbi, alama ce matsin albarushi ya yi yawa, ka dakata.