Amsa ga Alhaji kan birkin da ya yi laushi

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari muryarka kan Corollar nan, ka ce sai ka taka birki ya kusa kai ƙasa kafin ya kama. To don Allah, a ajiye motar nan tukuna, kar a ce bari a lallaɓa a kai yara makaranta.

Kuma kar ka yarda wani ya ce maka masta ce, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, alhali bai duba ba. Buɗe bonet ka kalli ɗan kofin man birki. In ya sauka ƙasa da layin MIN, galibi akwai inda yake yoyo, don shi ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Sai ka durƙusa ka leƙa kowace taya ta ciki. In ka ga wuri ya jiƙe, ƙura ta manne ta yi baƙi, to tiyo ne ko silindar cikin diram.

In man yana nan daidai, kashe mota ka taka birki da sauri sau 5 ko 6. Ya yi tauri, ka saki, an jima ya koma laushi? Galibi iska ce ta shiga, musamman in kwanan nan aka taɓa birkin. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙafarka take jin laushi. Amma in ka danne ka riƙe, ka ji fedar tana nutsewa a hankali, a hankali, kuma babu yoyo ko'ina, to nan ne za a ce robobin cikin masta sun gaji.

In iskar ce, a fitar da ita. Mutum biyu, ɗaya na takawa, ɗaya na sassauta ɗan nonon fitar da iska na jikin birkin taya, a fara daga tayar da ta fi nisa da masta. Ka tsaya a kan bakaniken, kar kofin ya bushe, in ba haka ba aikin ya koma baya.

Sai maganar mai, wannan tana damuna wallahi. A zuba abin da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, sabuwar kwalba a rufe. Man nan yana shan ruwa, in ya tsufa sai ya tafasa a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, birki ya tafi gaba ɗaya. A canza shi duk shekara 2. Baƙin mai kuwa ko man giya, kar ya kusanci wurin, kumbura robobi yake.

Ka gwada, Alhaji, ka turo min abin da fedar ta yi.