Tambaya da Amsa: Idan aka haɗa 'yan tayin ɓera biyu, ina ƙwayoyin kowanne ke zama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji uku a fannin nazarin halittu. An koya mana cewa ana haɗa 'yan tayin ɓera biyu su zama ɓera ɗaya, wanda ake kira kaimera. Yaya ake yi, kuma ta yaya ake gane mazaunin ƙwayoyin kowane ɓangare? Daga wata ɗaliba, Aliero, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Andrzej Tarkowski, ɗan ƙasar Folan, shi ya fara wannan haɗi a 1961, kuma hanyar ba ta canza sosai ba.

Kwana biyu da rabi bayan barbara, lokacin da ɗan tayin ke da ƙwayoyi 8, ake wanko shi daga bututun ƙwai da ruwan M2, wani ruwa na musamman da ake riƙe 'yan tayi a ciki yayin aiki da su. Yana cikin wani ɓawo mai suna zona, kuma sai an cire shi biyun za su manne. Ana narkar da ɓawon a ruwan Tyrode mai tsami, pH 2.5, ido na kan maikuroskof. Da ya ɓace sai a tsame a wanke, don jinkiri kaɗan kan wargaza ƙwayoyin. Sannan a lotsa ƙasan farantin roba da tsinin allura, a jefa biyun cikin ramin, a ɗigon KSOM, ruwan rainon 'yan tayi, da aka rufe da mai. Su kwana a inkubeta, zafi digiri 37, iskar CO2 kashi 5 cikin 100.

Gane ƙwayoyin kowane ɓangare, sai da alama. Masu bincike Anne McLaren da Garner a 1974 sun yi wa ɓangare ɗaya alama da timidin, sinadarin da ke shiga cikin DNA, mai fitar da tururin nukiliya da ake iya ganowa, suka yanka ɗan tayin siriri-siriri, suka ga ƙwayoyin ba sa cakuɗuwa sosai kafin ya dasu a mahaifa. Kowane ɓangare na nan wuri guda, kamar curin fura biyu da aka manna. Cakuɗuwar gaske sai bayan dasuwa. Yau ana amfani da ɓerayen GFP, masu ƙwayoyin da ke haske kore, a ƙirga su da ransu a maikuroskof na konfokal, mai leƙa cikin ɗan tayi mataki-mataki da hasken lesa. Gwajin GPI kuwa, wanda ke auna wani sinadarin ƙwayoyi da ya bambanta tsakanin irin ɓeraye, rabon kowane ɓangare kawai yake nunawa, ba mazauninsa ba, don haka ba zai amsa tambayarki ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa waɗanda ba sa'annin juna ba. Ƙwayoyin wanda ya fi ci gaba sun fi shiga dunƙulen ciki, wanda daga shi jikin ɓeran ke fitowa, ɗayan kuma ya fi yawa a layin waje mai zama mabiyiya. Sai mai bincike ya ɗauka bambancin iri ne, alhali bambancin lokaci ne. A nan yankinmu ƙara da wutar lantarki: in ta ɗauke da dare, zafi ya sauka, girman ya tsaya. Kada a fara sai inkubeta na kan inbata ko sola.