Kafin ka miƙa wa kamfani littafin manomanka

Tambaya: Ina sayen riɗi da dawa a hannun manoma a ƙauyukan Gadarif, a gabashin Sudan. Wani kamfani ya kawo mini manhajar waya mai faɗin lokacin saukar ruwa da ba da bashin iri, wai kyauta. Sharaɗinsu in shigar da sunayen manomana, lambobin wayarsu, iyakar gonakinsu da abin da kowa ya girba bara. In ba su?

Alhaji, dakata tukuna. Littafin nan shi ne jarinka na gaske, ya fi buhunan da ke sito.

Hoton gona daga sama ba ya yi musu wuya. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton ƙasar Gadarif kusan duk kwana 5, kuma kowa na iya saukewa ba ko sisi. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne gonar wa ce, ƙintari (awon nauyi) nawa fadan (awon faɗin gona) ɗaya ya bayar, wa ke cika alkawari, wa bashi ya yi wa katutu. Wannan kai kaɗai ka sani, kuma shi suka zo nema. Wanda ya haɗa biyun zai san yawan riɗin bana tun a Satumba, kafin buhu ɗaya ya isa kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ka san yadda shel yake: a ba manomi kuɗi da damina, a karɓe amfaninsa da araha da kaka. Abin da nake tsoro ke nan, sai dai wannan karon mai ba da bashin ya fi manomin sanin gonarsa, kuma zai iya tsallake ka ya kira shi kai tsaye.

Ban ce manhajar ba ta da amfani ba. Amma lambobin nan amana ce a hannunka. Tara manoman, ka bayyana musu, wanda ya ƙi a bar shi.

Sannan a rubuta yarjejeniya da Larabci, gaban shaidu: ba za a sayar wa kowa bayanan ba, wanda ya fita za a goge nasa, kuma kowane manomi zai karɓi takardar tarihin girbinsa. Wannan ta ƙarshe na fi matsa maka a kanta, domin da ita zai iya zuwa Bankin Noma da ƙafarsa neman kuɗin salam, wato banki ya biya shi tun gaba, ya kawo amfanin da kaka.

Fara da mutum 20, damina ɗaya. Batun basussukansu kuwa, bar shi a littafinka.