Bindiga, Albarushi da Harsashi: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Gusau: Malam, a labaran rediyo yau a ce an kama harsasai, gobe a ce alburusai. Shin abu ɗaya ne?

A asali ba abu ɗaya ba ne. Albarushi shi ne baƙin garin nan da ke kamawa da wuta ya ingiza abin da aka ɗura, daga Larabci al-barud muka are shi, har da "al" ɗinsa. Harsashi kuwa daga ar-rasas, wato dalma, domin da ita ake yin ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga. A zamanin bindigar ɗuri, daban ake sayen kowanne, daban ake zubawa. Da harsashin zamani ya zo, sai ya haɗa abu huɗu a jiki ɗaya: kwanso, albarushin da ke cikinsa, ɗan maƙunsar gindi da kunama ke bugawa ya tada wuta, da ƙwayar da ke kai. Nan sunayen suka cakuɗe. Ban ga laifin "alburusai" a bakin jama'a ba, amma mai rubuta rahoton kotu ya kiyaye: abin da ake tsinta a ƙasa bayan harbi kwanso ne.

Tambaya daga Zinder: Malam, kalmar bindiga ta Hausa ce, kuma yaushe abin ya shigo ƙasarmu?

Aro ce daga bunduƙiyya ta Larabci. Ka lura da "g" ɗin. Kalmomin da suka shigo ta hannun malamai da littafi sun riƙe ƙarfin harafin, kamar alƙali da alƙalami. Ita wannan da "g" ta iso, irin lafazin Larabawan sahara da Shuwa, alamar a bakin fatake da mayaƙa ta zo.

Borno ta riga mu. A ƙarni na 16, Mai Idris Alooma yana da Turkawa masu bindiga a rundunarsa, kuma limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta labarin yaƙoƙinsa. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) an riƙa kawo garkuwa da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka, har bayan jihadi doki da mashi da baka ne ke yanke hukunci a fagen fama. Bindiga kayan fada ce, galibi a hannun bayin sarki, talaka ba ya ajiye ta. A garinku ne ma aka fi nisa da ita: Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi daga fataken Tarabulus, ya sa ana ƙera igwa a cikin Zinder. Rabeh ya ci Borno a 1893 da rundunar da ta dogara da bindiga, a 1903 kuma sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Lugga suka ci Kano da Sakkwato da igwa da Maxim mai aman wuta.

Tambaya daga Kumasi: Ranka ya daɗe, me ya bambanta adaka da harbi-ka-ruga da bindigar toka?

Duka sunayen bindigar ɗuri ce, wadda ake cikawa ta baki. Adaka ce mai ban sha'awa, kuma kai da ke Kumasi ka fi ni sanin cewa a harshen Tuwi adaka akwati ne, kamar yadda Bahaushe ke cewa adakar amarya. Wannan kalma ta hanyar Gwanja ta zo, tare da goro. Turawan Danmak da sauransu sun daɗe suna sayar da irin waɗannan dogayen bindigogi a gaɓar tekun Gana. A ganina, akwatunan da ake jigilarsu a ciki ne suka ba su suna. Ka ga ke nan hanya biyu: bindiga da albarushi da harsashi daga hamada, adaka daga teku.

Harbi-ka-ruga kuwa ba'a ce mai cike da gaskiya. Kafin harbi ɗaya, sai an tsayar da ita baki sama, a auna albarushi a zuba, a cusa tsumma a danna da sandar ɗuri, a zuba dalma, a sake cusa tsumma, sannan a ɗana kunama. A tsohuwar ƙira, dutsen ƙanƙara ne a bakin kunamar, yana bugun ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Sojan Turai da ya sha horo, harbi uku a minti ɗaya ne gwanintarsa. Maharbin da ya kuskure ɓauna ba shi da wannan minti, sai ƙafa.

Matsalolinta ma sanannu ne. Da damina albarushi na jan laima, ya ƙi tashi, ko ya yi jinkiri, mai ita ya leƙa baki, a lokacin ta tashi. Wani ya manta ya riga ya ɗura, ya ƙara ɗuri a kan ɗuri. Wani ya zarce awo don ƙara ta yi daɗi a hawan salla. In bututun na famfo ne, ko tsatsa ta ci shi, sai ya tsage a daidai inda hannun hagu ke riƙe. Shi ya sa ake ganin tsofaffin maharba da guntayen yatsu.

Abin da ya sa ta daɗe a hannun mutane har da siyasa: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar, ta bar musu ta ɗuri. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ma ta ware mata aji nata, amma ita ma da lasisi ake riƙe ta.

Tambaya daga Jos: Malam, mene ne "mai lamba 12" da maharba ke faɗi?

Ba milimita 12 ba ne. Tsohon awon Ingila ne: in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula, kowane curi ya yi daidai da faɗin bakin, kusan milimita 18 da rabi. Don haka mai lamba 20 ta fi ta ƙanƙantar baki. Haka ƙwayoyin cikin kwanso: lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa. Ƙanana na zabi da fakara ne, a jikin babbar dabba rauni kawai suke yi ta tsere da shi. Lissafin 7.62 da 39 na AK-47 kuwa milimita ne, faɗin ƙwaya da tsawon kwanso.

Tambaya daga Katsina: "Harbi a wutsiya ya fi kuskure", da bindiga ake nufi?

Ko kusa. Harbi ya girmi bindiga a Hausa: kibiya na harbi, kunama na harbi, jaki ma na harbi. Maharbin karin maganar mai baka ne da kwari, kuma a wurinsa ko wutsiya aka samu an yi aiki, tunda kibiyar da dafi. Ana faɗa wa wanda ya sami kaɗan yana rainawa, kamar ɗan kasuwar da ya fita da ƙaramar riba. Tsofaffin karin maganarmu na yaƙi da farauta kusan duka na baka ne da mashi da takobi, saboda abin da ke hannun talaka shi ke shiga karin magana. Bindiga a salon magana na baya-bayan nan ta fi fitowa, irin su "'yan bindiga daɗi", masu harbin kan mai uwa da wabi. Shi kansa "'yan bindiga", sunan ma'aikatan fada ne masu buga wa sarki bindiga ranar hawa, 'yan jarida ne suka mayar da shi kan maharan daji.