Na ƙware a CSS, me zan koya a gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Na koyi HTML da CSS, harsunan gina shafin intanet da ƙawata shi, da tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mini, har ina iya tsara shafi ya zauna daidai a waya da kwamfuta. Wasu abokaina sun ce in kama React, wasu kuma sun ce WordPress ne ke kawo kuɗi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce ka jingine su duka biyun tukuna, ka duƙufa kan JavaScript zallarsa. Da CSS kana iya ƙawata maballi, ka ba shi launi da girma, amma idan baƙo ya danna shi, CSS ba zai haɗa masa lissafin kayan da ya zaɓa ba, ba kuma zai ɗauko sabon farashi daga wani wuri ba. Wannan aikin JavaScript ne, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, wanda kowace burauza take fahimta ba tare da an girka mata komai ba. React kuwa, tarin kayan aikin gina shafi wanda Facebook ya fitar a 2013, a kan JavaScript aka gina shi, don haka wanda ya tsallake tushen ya faɗa masa zai ƙare ne da kwafar rubutun wasu, ranar da abu ya cije kuma ya rasa inda zai taɓa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Akwai kuma dalilin da ya shafi mazaunin karkara musamman. Girka kayan aikin React yana jawo tarin fayiloli masu cin data, alhali JavaScript ba ya buƙatar komai sai burauza da manhajar rubutu, ko da sabis ya ɗauke kwana da yini. Ka fara da yadda ake adana bayani da jera shi, da yadda ake rubuta umarnin da za a riƙa kira, sannan ka koyi sauya sassan shafi ta hanyar DOM, wato tsarin da burauza ke jera sassan shafin, da sauraron dannawar baƙo, daga baya ka zo kan fetch, umarnin ɗauko bayani daga wani wuri, da JSON, tsarin da ake rubuta bayanin da shi. Shafin MDN na Mozilla ya ishe ka madogara, kuma kyauta ne.

Kada ka tsaya kan kallon bidiyo kawai, domin kallo yana sa mutum ya zaci ya iya. Ka nemi wani ɗan kasuwar garinku mai sayar da riɗi ko zoɓo ko gero, irin masu kai kaya Maigatari ko Dawanau, ka gina masa shafin da mai saye zai rubuta adadin buhunan da yake so, jimillar kuɗi ta fito nan take, sannan maballi ɗaya ya tura odar zuwa WhatsApp ɗinsa. A wannan ɗan aikin kaɗai za ka ci karo da lissafi, da tantance cewa lambar waya ta cika 11, da adana bayani a cikin burauza don kada ya ɓace idan an rufe shafin.

A nan ne za ka gane cewa masu buɗe shafin naka yawancinsu da ƙananan wayoyin Android suke, a inda sabis ke rawa. Ka rage nauyin hotuna, ka mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, ka gwada shafin da Lighthouse, ma'aunin ingancin shafi da ke cikin Chrome, bayan ka rage saurin intanet zuwa na 3G. Ka sa UTF-8, tsarin da ke sa burauza ta gane haruffa daidai, ka zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar Noto Sans, domin abin takaici ne a ga shafin Hausa cike da akwatuna a gurbin haruffanmu. Kowane hoto kuma ka rubuta masa bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Tun daga aikin farko ka saba da Git, wanda Linus Torvalds ya samar a 2005. Yana adana tarihin duk canjin da ka yi ko babu intanet, GitHub Pages kuma zai ɗora maka shafin kyauta, ka samu abin nuna wa mai neman ya ba ka aiki.

Masu zancen WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, ba su yi ƙarya ba. Tun 2003 yake, sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, makarantu da ƙungiyoyi kuma suna son sa saboda za su iya sabunta labaransu da kansu. Idan hannunka ya faɗa a JavaScript, ka koyi WordPress tare da ɗan abin da ya sawwaƙa na PHP, harshen da aka rubuta shi da shi, da MySQL, rumbun adana bayanansa, da yadda ake sayen adireshi mai ƙarewa da .ng, da haɗa Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi. React kuwa ka bar shi sai ranar da wani aiki ya yi girman da JavaScript zalla ya fara wahalar da kai, ko kamfanin da kake nema ya sa shi cikin sharuɗɗansa.