Amsa ga ƙanenmu na Tawa kan bis biyu da sunka rage

Assalamu alaikum ƴan gurup, barkanmu da war haka. Ina gajiya, ina aiki, ina ƙura. Ku yi mini haƙuri muryar ga za ta ɗan yi tsawo, hannuna duk tonar ne, hodar nan baƙa ta injin fotokopi, ba ni iya rubutu.

Na saurari muryar ƙanenmu na Tawa tun jiya bayan isha'i. Ga wanda bai ji ba, cewa ya yi ya buɗe Canon iR 2520 na wani mai fotokopi kusa da jami'a, ya canza fim ɗin fur, wato wurin da ke gasa tonar ya manne a takarda, ya maida komi ya rufe, sai ga bis biyu sun rage bisa tebur, kuma ƙaramin klif guda, ɗan zoben nan mai buɗaɗɗen baki, ya yi tsalle tun shina kwancewa, bai gan shi ba har yanzu. Inji shina aiki, takarda na fita lafiya. Tambayarshi ita ce ya bar shi haka ko ya sake buɗewa, kuma mu ƙaƙa muke yi ba mu ɓatar da ƴan ƙananan abubuwan nan.

Ƙanena, koma ka buɗe shi. Yau ɗin nan in da hali, kada ka bari gobe. Na ji wasu ƴan uwa sun ce tunda shina aiki a bar shi, ina girmama su wallahi, amma ban yarda da wanga magana ba. Waɗanda sunka ƙera injin nan ba su sa bis don ado. Inji dubbai suke yi, kowane bis guda kuɗi ne gare su, da ana iya yi ba shi, da sun cire shi tun can. Kuma kai wurin da ka taɓa, wato fur, shi ne wuri mafi zafi a injin gaba ɗaya, zafinshi na kusantar digiri 200. Ƙarfe na buɗewa da zafi, ya sake tsukewa in ya huce, roba ma haka, ga girgiza wuni guda. Abin da bis huɗu ya kamata su riƙe, in biyu ke riƙe da shi, yau lafiya, gobe lafiya, sati uku ya fara karkacewa. Fim ɗin da ka sa sabo ya riƙa gudu gefe guda har bakinshi ya cinye. Ranan mai shago ba zai ce bis ba ne, cewa zai yi ka sa mishi fim na jabu.

Ka ɗauki bis biyun nan ka duba su da kyau cikin haske, su da kansu za su gaya maka inda sunka fito. In zarenshi ƙanana ne, a matse, na ƙarfe ne, ramin ƙarfe zai shiga. In zaren manya ne, da tazara tsakaninsu, na roba ne. In kuma ka ga rondel, wato ɗan zoben ƙarfe, mai haƙora a wuyanshi, to wannan ka tashi tsaye, mafi yawa na mas ne, wato na wayar ƙasa, shi ke cizon ƙarfe don wayar ƙasa ta kama da kyau. Irinshi in ya rage, inji na iya yin aiki amma ka fara ganin abubuwan da ba ka gane kansu ba, baƙin layi yau, kod na matsala a allon inji gobe, ka yi ta canza kaya masu lafiya kana neman ciwo inda babu shi. Ga kuma haɗarin kuran ga mai taɓa injin.

Amma ni abin da ya hana ni barci jiya ba bis ɗin ba ne, klif ɗin nan ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abu biyu ne. Na farko, aikin da shike yi a kan aks, wato sandar da ke juyawa, shi ke hana pinyo, ɗan faifan nan mai haƙora, ko rulo zamewa. Yanzu babu shi, pinyon na nan na tafiya sannu-sannu, rannan haƙora su kama rabi da rabi, ka ji ƙar-ƙar-ƙar, shi ke nan ya ci kanshi ya ci maƙwabcinshi. Na biyu, ina ya faɗa? In ƙasa ya faɗa, alhamdu lillahi. In cikin inji ya faɗa fa? Kun san rulon da ke ɗauko tonar akwai maganaɗisu cikinshi, duk ɗan ƙarfen da ya zo kusa sai ya jawo shi ya manne. Daga nan ya riƙa gogar tambur, wato gangar da ke ɗaukar hoton rubutu ta sa a takarda. Tambur kuwa fatarshi ba ta son ko farce. Tambur mai kaurin milimita 30 in ya samu tabo, za ka ga ɗigon na dawowa a takarda kowane milimita 94, ka sa ma'auni ka gani. In kuma bisa kart, wato farantin kayan lantarki, na babban kuran ya kwanta, sai dai Allah ya kiyaye.

Bari in gaya muku abin da ya same ni, don ban koyi wanga abu a littafi ba. Shekarun baya, ina sabon cin gashin kaina, anka kira ni wani biro a unguwar Filato ta Yamai, Ricoh ne, lokacin jarrabawar BEPC da BAC ta matso, kowa na gaggawar kofe. Na kwance bayan injin, na zuba bis duka cikin gwangwanin tumatir guda, a raina ai na san wurin kowane. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, anka kira azahar, na je na dawo. Wajen maidawa na ɗauki dogo na sa inda gajere yake. Bambancinsu bai kai milimita 4 ba. Ya shiga daidai, ya ɗauru daidai, ashe bakinshi ya wuce ƙarfen ya huda rigar wayoyin da ke bi ta baya. Wuta ta dawo, na kunna, na ji ɗas, sai wari. Kart ya ƙone. Na tsaya gaban mutumin nan, dattijo ne mai mutunci, takardun mutane jibge bisa teburinshi, na ce mishi Alhaji ni na yi, ba injinka ba ne. Kuɗin aikina na wata guda cur na zuba na samo wani kart. Kuɗin bai dame ni ba kamar kwanakin da ya yi shina ba mutane haƙuri saboda ni. Tun ranan ban ƙara haɗa bis cikin gwangwani guda ba.

To ga yadda nike yi yanzu, kuma babu abin saye a ciki. Kwali. Kwalin ram ɗin takarda da ke yashe a kowane shagon fotokopi. In yanko murfin, in ɗauki bik in zana gefen da zan kwance, ba zane mai kyau ba, murabba'i kawai, ga sama ga ƙasa, ga inda fanka take. Duk bis ɗin da na cire, kafin hannuna ya kai ga na biyu, sai na huda kwalin na soka shi daidai wurinshi a zanen. Na sama hagu ya tafi sama hagu. Na rubuta 1 a kwalin farko, murfin baya ke nan. Abin da ke ƙarƙashinshi 2, na gaba 3. In na zo maidawa daga babbar lamba nike farawa in sauko. In na gama da kwali na 3 na ga bis guda tsaye cikinshi, ba ni taɓa na 2 sai na gano raminshi. Ka ga tun nan kuskure ke kama kanshi, ba sai ka rufe inji ba. Kuma ko kwalin ya faɗo daga tebur, bis na nan cake, ba su watsewa. Ko yaro ya yi karo da shi, ko iska ta tura.

Wasu na amfani da faranti na ƙwai, kowane gurbi da lambarshi, shi ma ya yi, na yi aiki da shi. Aibinshi guda, ƙafa ta taɓa shi komi ya haɗe. In za ka yi da shi, ka samo maganaɗisu daga mataccen disk na ordinatar ko tsohuwar sifika ka liƙa ƙarƙashi. Sai dai kada ka aje maganaɗisun nan kusa da akwatin tonar ko debelofar, wato inda rulon tonar yake, ka nisanta su.

Klif da rasor, wato wayar nan mai naɗi da ke miƙewa ta koma, su ba su shiga kwali, sikoci nike manna su da shi kusa da bis ɗin wurinsu, in rubuta ko na wane aks ne. Wajen cire klif kuwa, ƙanena, ga abin da zai raba ka da irin na jiya. Leda fara, wadda ake ganin ciki. Ka rufa ta bisa aks ɗin, ka sa ƙaramin turnabis ta ciki ka ɓamɓaro. In ya yi tsalle cikin leda zai faɗa. In wurin ya matse leda ba ta shiga, ka ɗora babban yatsa a bayanshi, ka turo shi a hankali shina jingine da yatsanka. Wajen maidawa kuma da pans, wato filaya, mai dogon baki, ka ji ya ce ƙas cikin tsagarshi, sannan ka juya shi da farce ka ga shina juyawa bai fita ba. Rasor kuma kafin ka taɓa shi ɗauki hoto. Wane kunne ke sama, wane rami ya kama. Salula na aljihunka, hoto ba ya cin ko dala. Ni ko injin da na buɗe sau hamsin sai na ɗauka, saboda injinan nan namu tsohon hannu ne daga Turai, hannuwa da yawa sun bi ta kansu kafin su iso gare mu, sau da yawa abin da ke ciki ba shi ne ke cikin littafin gyara ba.

Kuma ka shimfiɗa farin zane ƙarƙashin inda kake aiki, ko tsohuwar riga. Ka kashe fanka in za ka taɓa rasor, ka daure da zafin na minti biyar. Na san shagunan Tawa, wasu daɓen ya fashe, rairayi ya shigo, klif in ya shiga nan ya zama allura cikin ruwa.

Wani abu da ba a cika faɗi ba, bis da yawa ba ɓata suke ba, lalata su muke. Kan bis ɗin injinan Japan kamar na kurus, mai yankan gicciye, da munka sani yake, amma yankanshi daban ne, JIS ake ce mishi, wasu za ka ga ɗan ɗigo a gefen kan. Turnabis na kasuwa ba ya zama daram cikinshi, shina ɗagowa, sai ya cinye kan. In ka samu na JIS ka riƙe shi da kyau. In babu, ka danna da ƙarfi kafin ka juya. Na roba kuma, in za ka maida shi, fara juya shi baya sannu har ka ji ya faɗa cikin tsohon zarenshi, sannan ka ɗaure. In ka tura shi kai tsaye sabon zare zai yanka, sau biyu sau uku ramin ya kwaɓe, bis ya riƙa juyawa ba ya kamawa. Nan ne mutum ke cewa a bar shi, ya jefa aljihu.

Masu apranti kuma don Allah, hannu guda ya cire, hannun nan ya maida. Ko ka bar yaro ya yi duka kana tsaye kanshi, ko ka yi duka shina kallo. Ni yarana kwali nike fara koya musu kafin su riƙe turnabis.

To yanzu ƙanena ga abin da za ka yi in ka koma. Ka gaya wa mai shagon gaskiya, ka ce akwai abin da ban gama ba, kuma ba ka biyan ko dala a kai. Ba zai raina ka ba, in sha Allah ma shi zai kawo maka wasu. Ka cire wayar injin daga bango, ba kashe maɓalli kawai ba, ka jira fur ya huce sarai. Ka zaro tambur ka rufe shi da baƙin ƙyalle ko takarda mai kauri, haske na kashe shi. Ka duba jikin rulon tonar da fitila tun daga wanga kai har wancan. Ka zaro bak, wato akwatunan takarda, duka ka duba ƙasansu da ramin da suke shiga. Ka ciro fur ka jijjiga shi kusa da kunnenka bisa farin zane. In ba ya ciki, ka kwantar da fitilar salula a ƙasa, haske na bin daɓe a kwance, ɗan ƙarfe komi ƙanƙantarshi sai ya yi inuwa. Ka ɗaura maganaɗisu da zare ka ja shi ƙarƙashin inji da tebur. Ka duba naɗin ƙafar wandonka da aljihun rigar da ka sa jiya, ni na sha samun su nan. Sai dai in klif ɗin na roba ne, irin da ake yawan gani a Ricoh, maganaɗisu ba ya kama shi, ido kaɗai ne.

In duk ka yi bai fito ba, kada ka naɗa waya a aks ka tafi ka manta. Na san ana yi, tana iya fidda mutum na kwana ɗaya ko biyu, amma mai inji ya san da ita. Ka turo mini hoton aks ɗin a nan gurup, ka ɗora ma'auni kusa da shi in ga kaurinshi, ko lamba 3 ne ko 4 ko 5. Da hoton bis biyun, a kwance bisa farar takarda, in ga zarensu da tsawonsu. Ina da matattun injina a bayan shago waɗanda na sayo kasuwar Katako don irin wanga rana, akwai Canon cikinsu. In ciro maka klif uku ko huɗu, in manna su da sikoci cikin ambulan, in ba kar ɗin safe da ke bi ta Doso da Ƙonni, da yamma ka je gar ka amsa. Ba sai ka biya komi ba.

Ga kiliya nan ya shigo da inji bisa amalanke, bari in tare shi. Ina jiran hotunan. A gaida mutanen Tawa duka.