OSPF ya maƙale a ExStart tsakanin suwic da rauta

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa suwic ɗin Cisco Catalyst da rauta ta OSPF (furotokol ɗin da na'urori ke musayar bayanan hanyoyi da shi), ping na tafiya lafiya lau, amma show ip ospf neighbor kullum ExStart (matakin fara musayar bayanai) yake nuna maka, ya ƙi kaiwa Full, wato cikakkiyar maƙwabtaka.

Tunda har na'urorin biyu sun kai nan, ka cire area (lambar yankin OSPF) da lokutan hello (saƙon gaisuwa) daga zargi. Da ba su dace ba, ko gaisawa ba za su yi ba. Ni MTU, wato iyakar girman fakitin da mahaɗa ke iya aikawa, zan fara tuhuma. A wannan matakin na'urorin biyu ke musayar fakitin DBD (taƙaitaccen bayanin abin da kowace ta sani), kowace ta rubuta MTU ɗinta a ciki. Idan wanda ya iso ya fi nata girma sai ta yi watsi da shi, ɗayar ta yi ta sake aikowa.

Buga show ip interface a ɓangarorin biyu ka gwada lambobin MTU. Sau da yawa wani ne ya kunna jumbo (manyan fakiti), suwic ya koma 9000, rauta na kan 1500. A tsofaffin Catalyst 3560 da 3750, system mtu routing 1500 ne maganin.

Za a ce maka ka sa ip ospf mtu-ignore, wanda ke sa OSPF ya daina duba MTU. Don Allah kada ka tsaya a kansa. Na taɓa ganin ofishin da aka yi haka: ya kai Full, kowa ya yi murna, da hanyoyi suka ƙaru manyan fakiti suka fara ɓacewa, maƙwabtakar ta riƙa yankewa ana tsakar aiki.

In MTU ɗaya ne, duba ko wani ACL (jerin dokokin tace fakiti) na tare fakitin furotokol 89, wato OSPF, da ake aikawa kai tsaye ga maƙwabci (unicast), yana barin hello ya wuce.